A Daina Yi Wa Gawo Aski Ƙwal-ƙwal

Duk wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa a tsakiyar rani zai ga abin takaici: gawo tsaye cikin gona, an datse masa rassa kaf, sai gungume. Masu kiwon ragunan layya da masu sayar da ganye ne ke hawa da gatari, wani lokaci da dare, a gonar da ba ta ubansu ba. Abin da raguna za su cinye a kwana uku, a kansa ake lalata itacen da ya shekara ashirin yana tasowa. Kuma gawon da aka yi wa wannan ɓarna yakan jima bai sake yin 'ya'ya da kirki ba, alhali 'ya'yan nan su ne abincin da ya fi ƙosar da dabba. Wace irin dabara ce wannan?

Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi kyau. Dalili kuwa shi ne, saiwarsa na ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato irin wanda muke saye da tsada cikin buhun yuriya. Ga shi yana zubar da ganye da faɗuwar damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi.

Matasa ba su ga yadda ƙasar nan ta kwaɓe ba. A 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya fara kira a riƙa barin tohon kututture, iska ke binne shuka da rairayi. Yunwar 1984 ce ta sa aka saurara. Daga nan wannan tsari na barin toho, wanda ake kira sassaben zamani, ya bazu, har masana suka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Manoma ne suka yi wannan aiki da hannunsu, yau ga jikokinsu na rushe shi.

Ba a ce kada a taɓa gawo ba. In za ka sara, nemi izinin mai gona, ka ɗauki ƙananan rassan gefe, ka bar kan itacen. Wasa gatarinka, ka fara sara daga ƙasan reshe don kada ɓawo ya tsage. Itacen da ka taɓa bana, ƙyale shi baɗi. Yara su tsinci 'ya'yan da suka faɗo a adana a buhu. Wanda kuwa aka kama yana gwaguye gawon mutane da dare, a kai shi gaban mai gari ko ma'aikatan gandun daji, ko ɗan wane ne.