Gargaɗi ga masu jinyar ciwon daji a Augie da kewaye

Jama'ar Augie, Argungu da Birnin Kebbi, duk wanda ke da majiyyacin da ake yi wa maganin ciwon daji ya saurara. Idan jikinsa ya yi zafi har awo ya kai 38, ko rawar sanyi ta kama shi, a mayar da shi asibitin da ke duba shi a ranar, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a tsaya kemis.

Akwai ƙwayar cuta dangin funfuna mai suna Candida, tana zaune a bakin mai lafiya da hanjinsa ba ta yi masa komai. Amma ƙarin ruwan maganin daji yana karya fararen ƙwayoyin jini, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura shi, ya kuma sale cikin baki da hanji, sai ta sami ƙofar shiga jini. Wanda aka yi wa tiyatar ciki, da wanda robar ƙarin ruwa ta daɗe a babbar jijiyarsa, su ma suna cikin haɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'i biyu na Candida cikin huɗun da suka fi haɗari a wannan dangi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kafso. Zazzaɓi na tashi, sai a sayo maganin kashe bakteriya a yi ta ɗirka wa mutum. Wannan magani ba ya taɓa funfuna, share mata fili ma yake yi. Gane Candida kuwa sai an ɗebi jini an raini ƙwayar a ɗakin gwaji, sakamakon kan ɗauki kwanaki, don haka jinkirin gida yana iya cin rai. Ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ake duba shi, ko a na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku gaya wa likita ranar da aka yi ƙarin ruwa na ƙarshe da duk abin da ya sha.

Ku riƙa leƙa bakinsa. Fari-fari a harshe kamar guntun kindirmo, ko zafin haɗiya, a faɗa wa likita. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, kada kowa ya taɓa robar jijiya. Lokacin shiƙar shinkafa ko buɗe rumbu a nisanta shi, domin ƙurar hatsin da ya yi funfuna tana iya kama huhunsa. Kuɗin mota kuma a ware shi tun ranar da aka dawo daga asibiti.