Nawa Makin JAMB Zai Iya Ƙaruwa A Shekara Guda?

Da sakamakon JAMB ya fito, magana ɗaya ake ji a bakin samari a Ƙetare, haka ma a Faskari da Sabuwa: "Bana 158 na ci, baɗi in sha Allahu 280 zan kawo." Buri ne mai kyau, kuma ba a hana mutum fata. Sai dai uban da zai sake sayar da buhun masara don sayen fom ya cancanci a gaya masa abin da lissafi ya nuna.

Jarrabawar nan maki 400 ce, darussa huɗu, kowane da maki 100. Turanci dole ne, tambayoyinsa 60, sauran ukun kuma 40 kowanne. Tambaya 180 ke nan cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Da yake amsoshi huɗu ake jerawa a zaɓi ɗaya, kuma ba a rage maki don an yi kuskure, wanda ya rufe ido ya yi canki-canka tun daga farko har ƙarshe zai iya tashi da abin da ya kusa 100. Saboda haka mai 150 ya sani cewa wani kaso na makinsa sa'a ce ta ba shi, ita kuwa sa'a ba ta alƙawarin dawowa. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci 170 bara, bai sauya komai a karatunsa ba, bana ya dawo 155, a yi ta zargin kwamfuta.

Maki 300 da ake ambata kamar abin tsinta a hanya, a 2024 mutum 8,401 kacal suka kai shi a faɗin Najeriya, cikin fiye da miliyan 1.8 da aka fitar da sakamakonsu. Kusan kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba, har da 'ya'yan Legas da Abuja masu malamin gida da wutar sola.

To ina ƙarin yake fitowa? Na farkonsa yana da arha. Tun 2015 aka koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta, kuma ɗalibi da yawa daga ƙauyukanmu sai ranar ne hannunsa yake fara taɓa linzami. Ka dube shi: yana neman inda zai danna ya wuce gaba, agogo na ci a saman allo, ya tsaya kan tambayar lissafi ɗaya minti huɗu, lokaci ya ƙare da tambaya talatin bai ko gani ba. Irin wannan ba ilimi ya rasa ba. 'Yan makonni na gwaji a kwamfuta ko a waya, da zama jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, da karanta littafin labarin da ake sa wa kowa a darasin Turanci, sun isa su dawo masa da abin da ya zubar. Tambaya ɗaya a sauran darussa ukun, ban da Turanci, tana ɗaukar kimanin maki biyu da rabi. Idan ya ƙara cin huɗu a kowannensu, maki 30 ke nan. Mai 160 ya doshi 190, kuma wannan abu ne da ake iya sa wa rai.

Daga nan tudu ke farawa. Kafin a tashi daga 200 zuwa 250 sai an ƙara cin tambaya kusan ashirin, kuma su ne waɗanda hadda ba ta ci: fahimtar nassi da Turanci, lissafin da ke son tushe tun daga aji ɗaya na sakandare. A nan tarihin yankinmu yake shigowa. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, an rufe makarantu, wasu sun daɗe a rufe, an kwashe wasu ɗaliban zuwa wasu garuruwa. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Zangon karatun da ya salwanta a lokacin, lesin na wata uku ba ya cike shi, ko me mai lesin ya rubuta a allon tallarsa. Aikin shekara ne cur, wani ma biyu, ana karatu kullum, rani da damina.

A ganina, tambayar da ta fi amfani ita ce: maki nawa kwas ɗin da nake so yake buƙata? A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin jami'a, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Wannan ƙofar zaure ce kawai. Likitanci ko Lauya a ABU ko Bayero suna can sama nesa da ita. Amma mai 185 da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi yana iya samun kwasa-kwasai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-ma. A jami'o'in tarayya kuma kashi 45 na gurabe ne ake bayarwa bisa cancanta zalla, 35 na 'yan yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko, Katsina na cikinsu.

Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. Wanda ya ajiye 190 don ya nemo 260 ya koma sifili ne, da sabon kuɗin fom da na mota. Idan an zauna sau biyu makin yana nan yana kai-kawo wuri guda, akwai makarantar share fage ta ABU a Funtuwa, inda ake yin IJMB a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai kuma NCE a Kwalejin Isa Kaita, ita ma hanya ce zuwa digiri.