Su Wa Ke da Muhimmanci? Yadda Koyarwar Kirista Ke Auna Mutanen Rayuwarmu

Duk wanda ya taɓa halartar taron tara kuɗin ginin coci ya san yadda ake rabon wurin zama. Kujerun gaba masu laushi na manyan baƙi ne: shugaban taro, ɗan majalisa, attajirin unguwa. Tsohuwar da ta share harabar tun da asuba kuwa tana can baya a kan benci. Ba da mugunta ake yin haka ba, ido ne ya saba auna mutum da abin hannunsa. Amma Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta kawo irin wannan zama: mai zoben zinariya a wuri mai kyau, matalauci a tsaye ko a ƙasa. Hukuncinta kuma a fili yake, wannan bambanci zunubi ne. To, in ba dukiya da muƙami ba ne ma'auni, da me Kirista zai gane mutanen da suka fi muhimmanci a rayuwarsa?

Amsar tana da ɓangare biyu da ya kamata a rarrabe: darajar mutum, da kuma hakkin da yake da shi a kanka. Daraja ɗaya ce ga kowa. Hakki kuwa hawa-hawa ne.

Tushen daraja yana Littafin Farawa, sura ta 1, inda aka koyar cewa Allah ya halicci mutum, namiji da mace, cikin kamanninsa. Ba da ilimi ake samun wannan daraja ba, talauci ba ya rage ta, tsufa ko naƙasa ba sa goge ta. Tarihin ikilisiya ya adana labarin Lawrence, dikon a birnin Roma, wanda aka kashe a shekara ta 258 lokacin da ake tsananta wa Kirista. An ce hukuma ta umarce shi ya miƙa dukiyar ikilisiya, sai ya tattaro matalauta da guragu da gwauraye ya gabatar da su a matsayin dukiyar. Abin da ya nuna shi ne, a wurin Allah ba wanda yake cikon benci.

Sai dai ɗan Adam hannu biyu gare shi, ranarsa kuma awa 24 ce. Ba zai iya ciyar da kowa ba, ba zai iya duba kowane majiyyaci ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi wannan bayani: a ƙaunaci kowa daidai, amma tunda ba za a iya taimakon kowa ba, a fara da waɗanda wuri da lokaci da yanayi suka haɗa ka da su. Ma'ana, ba kai kake zaɓen masu hakki a kanka bisa amfanin da za ka samu ba. Allah ne yake ajiye su a gabanka.

Kafin kowa, Allah ne na farko. Amma da aka tambayi Yesu umarnin da ya fi girma, a Matiyu sura ta 22, ya ɗaure ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci wuri ɗaya. Wasiƙar Yohanna ta Fari ta ƙara da cewa wanda ke da'awar ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, ƙarya yake yi. Saboda haka sa Allah a gaba ba hujja ba ce ta yin sakaci da mutane.

Wannan ya fi fitowa fili a kan iyali, domin su ne masu hakki na kusa. A Markus sura ta 7, Yesu ya tsawata wa malaman da suka halatta wa mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan baiko ga Allah, ya bar iyayensa hannu wofi. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Yesu da kansa, yana kan gicciye, sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Don haka mutumin da ya tashi a taro ya yi alkawarin buhun siminti masu yawa aka tafa masa, alhali mahaifiyarsa na kwance a ƙauye babu kuɗin magani, ya juya tsarin. Haka ma wanda kowane dare yana wurin taron addu'a, 'ya'yansa kuma sun manta rabon da ya zauna ya saurare su.

Amma jini ba shi ne iyakar dangi ba. A Markus sura ta 3, an gaya wa Yesu cewa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa na waje suna nemansa, sai ya dubi waɗanda ke zaune kewaye da shi ya ce duk mai aikata nufin Allah danginsa ne. Daga nan ne Kirista ke kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa ko da ba su haɗa ƙabila ko harshe ba. Mai son ganin yadda wannan ya kasance a aikace, ya karanta Romawa sura ta 16. Bayan dogon bayani mai zurfi, Bulus ya rufe wasiƙarsa da gaisuwa ga mutum sama da 20, kowa da sunansa. Ya yabi Fibi, ma'aikaciyar ikilisiya. Ya gai da Biriskilla da Akila, masu ɗinkin tanti irinsa, waɗanda suka sa ransu cikin haɗari dominsa. Ya gai da mahaifiyar Rufas, wadda ya ce ta zame masa uwa. Yawancinsu ba a san komai game da su ba sai sunan, amma su ne suka riƙe manzon.

Haka abin yake tun farkon hidimarsa. Hananiya, wani almajiri a Dimashƙu, shi ne ya je wurinsa yana makaho lokacin da kowa ke tsoronsa. Barnaba ne ya tsaya masa a gaban manzanni a Urushalima. Timoti kuwa a wurin kakarsa da mahaifiyarsa ya fara ganin bangaskiya. A ikilisiyoyinmu na Arewa, irin waɗannan su ne mai bisharar ƙauye da ke noma da hannunsa don ya ci, da malamar makarantar Lahadi, da matan Zumunta waɗanda ke isa gidan rasuwa da itace da hatsi tun kafin a fara karɓar gaisuwa. Cikinsu har da wanda ya iya duban idonka ya gaya maka ka yi laifi, kamar yadda annabi Natan ya yi wa Sarki Dawuda. Mai yabonka kullum yana da daɗin zama, amma mai gyara ka shi ke tsare ranka.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce Kirista nasa kawai ya sani. Misalin Basamariye, a Luka sura ta 10, ya rushe wannan katanga. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, yana neman a shata masa iyaka. Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko, hanya mai gangare da duwatsu, tsawonta kusan kilomita 27. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, dukansu ma'aikatan Haikali. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ba sa hulɗa da su, masu sujada a Dutsen Gerizim maimakon Urushalima. Ya ɗaure raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari 2, wato ladan aikin kwana biyu na lebura, ya kuma yi alkawarin cika abin da ya ƙaru. Daga nan Yesu ya juya tambayar: a cikin ukun, wa ya zama maƙwabci ga wanda aka raunata? Mai tambaya yana neman wanda ya cancanci jinƙai, aka mayar masa da nauyin ya zama mai jinƙai.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga irin wannan. A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hare-hare ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Duk Kiristan da ya fahimci Luka 10 ya san wanda ya zama maƙwabci a ranar. Ya kuma san cewa in rana ta juya, bashin irin wannan tsayuwa yana wuyansa, ko wane ne ke neman mafaka.

Matiyu sura ta 25 ta kai maganar ƙololuwa. A bayanin ranar shari'a, Yesu ya lissafa mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, marar sutura, majiyyaci da ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa, abin da aka hana su shi aka hana. Abin lura shi ne, da waɗanda suka taimaka da waɗanda suka ƙi, duka sun yi mamaki, domin ba wanda ya gane shi a jikin waɗannan mutane. Har maƙiyi ma yana da nasa rabon, domin Yesu ya umarci a yi wa masu tsanantawa addu'a. Wannan ba ya hana neman adalci a gaban hukuma, amma yana hana a cire mutum daga sahun 'yan Adam.

Manya fa, a yi watsi da su? A'a. Littafi Mai Tsarki ya ce a girmama shugabanni a kuma yi musu addu'a, kuma Yusufu na Arimatiya, wanda ya binne Yesu a kabarinsa, mai arziki ne. Abin da aka hana shi ne girmama mutum saboda abin da kake sa ran samu. Shi ya sa a Luka sura ta 14 Yesu ya ce in za ka yi biki, ka gayyaci waɗanda ba za su iya rama maka ba.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a nan ne ake gwada duk wannan koyarwa. Ba abin da baki ya faɗa ba ne ke nuna waɗanda ke da muhimmanci a wurinka, sai inda ƙafarka ta je, da wanda ka kira, da inda kuɗinka ya tafi a watan da ya wuce. In lissafin ya nuna masu amfanar ka ne kawai a ciki, akwai gyara: a je a duba iyaye, a gode wa wanda ya riƙe ka tun ba ka zama kowa ba, a tsaya wa mabuƙacin da Allah ya ajiye a kan hanya ba tare da tambayar addininsa ko ƙabilarsa ba.