“Kai Ɗan Wane Ne?”: Masu Neman Salsala a Ƙauyukan Girka

A tsakiyar watan Agusta ƙauyukan Girka kan cika maƙil. Ranar 15 ga wata Kiristocin Otodoks ke tunawa da rasuwar Nana Maryam, kuma duk mai tsatso a ƙauye yakan yi ƙoƙarin komawa gida. Cikin masu zuwa ba a rasa wani baƙo da zai tsaya a dandali yana waige-waige, riƙe da tsohon hoto da wata takarda da ta sha ninki har ta kusa rabewa. Daga Shikago yake, ko Melbon, ko Munik. Girkancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Dattawan da ke zaune a ƙofar gidan shan gahawa ba sunansa za su fara tambaya ba. “Tinos eisai esy?” za su ce, wato kai ɗan wane ne. Amsar wannan tambaya ce ta taso shi daga uwa duniya, kuma sau da yawa rabinta kawai ya sani.

Kakansa yana cikin ayarin da talauci ya kora. A farkon shekarun 1890 kasuwar zabibi, babban abin da Girka ke sayarwa a waje, ta karye, a 1893 kuma firayim minista Charilaos Trikoupis ya shaida wa majalisa cewa ƙasa ta tsiyace. Daga nan zuwa 1924, lokacin da Amurka ta ƙuntata ƙofarta, Girkawa wajen 400,000 suka tsallaka teku, da yawansu samari daga duwatsun Feloponis a kudancin ƙasar. Bayan yaƙin duniya na biyu da yaƙin basasan da ya ƙare a 1949, sabon ayari ya nufi Ostareliya da Kanada da Jamus ta Yamma. Jikokin waɗannan ne ke dawowa yau, wasu don takardar zama ɗan ƙasa, wadda a Girka ta jini ake gadonta, wasu don kawai su ga ƙofar da kakansu ya fita.

Cikas na farko shi ne sunan da suke ɗauke da shi. Spiro Agnew, mataimakin shugaban Amurka daga 1969 zuwa 1973, mahaifinsa Anagnostopoulos ne daga garin Gargalianoi. Mawaƙiya Maria Callas 'yar gidan Kalogeropoulos ce. Dubban Papadopoulos sun koma Pappas ko Poulos. Ana yawan cewa ma'aikatan tsibirin Ellis, mashigar baƙi a Niyok, su suka guntule sunayen, amma ba haka ba ne: jerin fasinjoji tun a tashar tashi ake rubuta shi, baƙin da kansu suka rage sunayensu daga baya don neman aiki da sajewa da jama'a. Wannan jeri ma yana da daraja ga mai bincike, domin daga 1907 ana rubuta sunan dangi mafi kusa da mutum ya baro a gida da inda yake zaune.

Idan aka gano cikakken sunan, shi kansa yakan nuna hanya. Wanda ya ƙare da -opoulos galibi Feloponis yake nunawa, -akis tsibirin Kirit, -akos da -eas yankin Mani, -idis da -oglou kuma Anatoliya da gaɓar Baƙin Teku. Mutanen Sudan da suka san otel ɗin Acropole na Khartum, wanda iyalin Pagoulatos suka buɗe a 1952, sun san wani misali: -atos tambarin tsibirin Kefaloniya ne, can ne kuwa asalinsu. Farkon suna ma yana magana. Papa- na nufin akwai limamin coci a zuriyar, domin limaman Otodoks na ƙauye suna aure. Hatzi- kuwa tushensa ɗaya da Alhaji. Ta bakin Turkawa ya shiga Girkanci, aka riƙa laƙaba shi ga Kiristan da ya ziyarci Birnin Ƙudus, jikoki suka gaje shi.

Sai dai suna a takarda daban, suna a ƙauye daban. Al'adar Girkawa ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, a bi da sauran kakanni a kan 'ya'yan da suka biyo. Mutum mai 'ya'ya maza huɗu zai iya samun jikoki huɗu masu suna ɗaya sak, duk a unguwa ɗaya. Abin da ke raba su shi ne paratsoukli, laƙabin da ƙauye ke ba mutum saboda sana'arsa, ko tsayinsa, ko wata kasassaɓa da ya taɓa yi, laƙabin ya bi gidansa har tattaɓa-kunne. Baƙon da ya faɗi sunan fasfo sai dattawa su dubi juna. Wanda ya tuna laƙabin da kakarsa ke ambata, nan take za a nuna masa gidan, ko kangonsa.

Shi kansa ƙauyen mai yiwuwa ya sake suna. Tun daga 1909 gwamnati ta kafa kwamitin maye gurbin sunayen Turkanci da Silabanci da Albaniyanci da na Girkanci, aikin ya yi ƙamari a ƙarshen shekarun 1920, ya shafi dubban wurare. Tsintzina, ƙauyen kusa da Isfarta da ya yi suna wajen tura 'ya'yansa Amurka tun shekarun 1870, a taswirar hukuma Polydroso ne.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne ake bukatar sanin tarihin iyakoki. Girkar da ta sami 'yanci daga Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1830 ƙarama ce. Tsibiran Ioniya sun shigo a 1864, Tasaliya a 1881, Makidoniya da Ifirus da Kirit a 1912 zuwa 1913, tsibiran Dodekanis sai bayan yarjejeniyar 1947. Mai asali a Korfu, ɗaya daga tsibiran Ioniya, wanda ya daɗe a hannun daular Banis (Venice), zai iya bin kundaye har ƙarni na 16. Mai asali a yawancin yankin Ifirus, rajistar gwamnatin Girka ba ta san da kakanninsa ba kafin 1913.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma ba ta kankama ba sai daga 1925. Abin da ya girme ta shi ne Mitroo Arrenon, kundin maza, wanda aka buɗe don ɗaukar soja: sunan yaro, sunan ubansa, shekarar haihuwa. Akwai Dimotologio, kundin da ke tara kowane gida a shafi guda. Akwai jerin masu zaɓe na ƙarni na 19, da shekarun kowa da sana'arsa. Yawancin tsofaffin suna rassan Babbar Ma'adanar Takardun Ƙasa, wadda aka kafa a 1914 bisa himmar marubuci Yannis Vlachogiannis. Sauran sun bi ƙaurar ofisoshi, domin gyaran 2011 ya haɗe ƙananan hukumomi suka koma 325, kundayen ƙauyuka da dama suka tafi hedikwata.

Duk wanda ya zauna da waɗannan kundaye zai lura da babban giɓi: ba kasafai ake samun mata a cikin tsofaffin ba. Ba a ɗaukarsu soja, ba su sami cikakkiyar ƙuri'a ba sai 1952. A ƙauye ma mace takan rasa sunanta ranar aure, matar Giorgos ta koma Giorgaina har kabari. Abin takaici ne ƙwarai a ga salsala ta haura kaka bakwai ta wajen maza, ta tsaya cik a kan kaka ta biyu ta wajen mata, alhali su suka riƙe gonakin zaitun shekara da shekaru mazan suna ƙetare. Inda ake samun su shi ne takardun izinin aure a ofishin bishop, da yarjejeniyar gara da ake rubutawa gaban magatakarda, wadda ke lissafa abin da amarya ta zo da shi: bishiyoyi kaza, awaki kaza, barguna, tukwanen tagulla, tare da sunan uwa da uba. Sai a 1983 doka ta soke al'adar garar. Akwai kuma wata 'yar takarda da tsofaffin mata ke ajiyewa a gida, jerin sunayen mamatan zuriya da suke miƙa wa limami ya yi musu addu'a a Asabar ɗin tunawa da rayuka. Ba shekara a ciki, ba sunan dangi, amma mata da jarirai da babu kundin da ya san su suna nan a jere.

Wasu takardun kuwa wuta ta ci. Sojojin Jamus sun ƙona ɗaruruwan ƙauyuka lokacin da suka mamaye ƙasar a yaƙin duniya na biyu. A Kalavryta, ranar 13 ga Disamba 1943, sun harbe mazan garin suka cinna masa wuta. Girgizar ƙasa da gobarar Agustan 1953 sun lashe mafi yawan ma'adanar tsibirin Zakintos. Maƙabarta ma ba ta cika taimakawa ba, domin bayan shekara uku ko fiye akan tono ƙasusuwa, a wanke su da ruwan inabi, a sa a akwati a ɗakin ajiya, kabarin ya koma na wani. Ga kuma kalanda: Girka ta bar tsohon lissafi a 1923, aka kwana 15 ga Fabrairu aka tashi 1 ga Maris, don haka ranar haihuwa ɗaya kan fito da saɓanin kwana 12 ko 13.

Akwai waɗanda ba su da ƙauyen komawa a cikin Girka ko kaɗan. Yaƙin Girka da Turkiyya da ya ƙare a 1922 da musayar jama'a ta 1923 sun kwararo da Kiristoci kimanin miliyan 1.2 daga Turkiyya, aka kwashe Musulmi kusan 400,000 daga Girka zuwa can. Sunayen unguwanni irin su Nea Smyrni, wato sabuwar Izmir, su ne shaidar inda aka fito. Ga jikokin waɗannan, taska mafi girma ita ce Cibiyar Nazarin Asiya Ƙarama da ke Atina, inda Melpo Merlier da abokan aikinta, tun daga 1930, suka rubuta bayanan 'yan gudun hijira wajen 5,000 game da garuruwansu, rijiya da rijiya, coci da coci. Daga ɗaya gefen tekun ma jikokin Musulman Kirit kan zo neman gidajen kakanninsu.

Ba kullum ake tarbar mai tambaya da fara'a ba. Wani yana tsoron gadon gona aka zo nema. Wani kuma ya san abin da kakan baƙon ya yi, ko aka yi masa, a yaƙin basasa. Nicholas Gage, wanda aka haifa Nikolaos Gatzoyiannis a 1939 a ƙauyen Lia kusa da iyakar Albaniya, ya san wannan sarai. 'Yan tawayen kwaminis sun kashe mahaifiyarsa Eleni ranar 28 ga Agusta 1948, bayan ta shirya guduwar 'ya'yanta. Ya girma a Amurka, ya zama ɗan jaridar bincike a New York Times, ya ajiye aikin ya koma bin sawun mutuwarta. Takardu ba su ba shi da yawa ba. Bakunan ɗaruruwan mutane ne suka ba shi littafin Eleni na 1983, wanda har yau wasu Girkawa ke ganin ya karkata ɓangare ɗaya. Waɗanda suka ba shi labarin kusan duk sun kwanta dama, kamar yadda masu riƙe da laƙubban gidaje ke ƙarewa a kowane ƙauyen da bai fi tsofaffi 'yan ƙalilan ba a lokacin sanyi.

A 2002 'yar Gage, wadda aka sa wa sunan kakar bisa al'ada, ta tare a Lia. Gwaggwanninta sun gargaɗe ta da ta nisanci kangon, domin a cikinsa 'yan tawaye suka tsare mahaifiyarsu kafin a kashe ta. Ta ɗauki magina, ta shafe watanni a ƙauyen, ta tayar da gidan dutsen a kan harsashinsa na dā.