“Ai Ni Lafiyata Ƙalau”

Tun da Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024 ake ta muhawara kan sikila da ciwon hanta. Amma akwai gwajin da maza ke gudu ko bayan auren ya shekara biyar shiru. Matar ta sha jiƙo, ta sha rubutu, an yi mata hoton mahaifa, dangin miji sun fara kiranta juya. Likita ya ce a turo maigida, sai ka ji: “Ai ni lafiyata ƙalau.”

Da me ya auna? Da kuzarinsa a shimfiɗa. Nan ne kuskuren yake. Ƙarfin mazakuta daban, haihuwa daban. Ƙwayoyin haihuwa ɗan kaso ne ƙanƙani na maniyyi, mafi yawansa ruwa ne daga wasu sassan jiki, don haka kaurinsa ko yawansa ba ya tabbatar da akwai ƙwayoyi a cikinsa. Buhun irin wake na iya cika maƙil, ka ɗaga da ƙyar, alhali ƙwari sun cinye cikinsa. Akwai namijin da babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa, kuma bai taɓa gazawa da iyalinsa ba. Wanda ya haifi ɗa shekara goma baya ma kada ya bugi ƙirji, abin kan lalace daga baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida kan gamu da rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci na samun hannun namiji a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa. Wasu daga cikin dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kumburin jijiyoyin maraina, hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka ƙasa, ciwon sanyi da aka yi wa maganin kemis rabi da rabi har ya toshe hanya, marainan da ba su sauko ba tun yarinta, taba, tiramadol. Abin takaici, allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi ita kanta tana tsayar da ƙwayoyin. Masu tallar maganin maza kuwa suna nan da lasifika a bakin kasuwa, ba mai tambayarsu me ke cikin kwalbar.

Gwajin maniyyi ba allura, ba wuƙa. Mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a 'yar roba, a duba yawan ƙwayoyin, motsinsu da siffarsu. Ƙasa da miliyan 16 a kowace mililita ana ɗaukarsa ya yi ƙaranci. Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, domin jiki na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera sababbi, zazzaɓi mai zafi ma kan rage su na ɗan lokaci. Shi ya sa akan ce a dawo bayan wata uku a sake.