Bargo Tsakanin Gadaje Biyu

 Yau zancenmu na silima ne, watau tsofaffin wasannin soyayya da ban dariya na Holiwud ta ƙasar Amurka, tun hoto yana baƙi da fari. Galibin waɗanda suka fito a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau ana kallo ana dariya. Me ya hana su tsufa?

Ga misali. Cikin 1934 aka fito da It Happened One Night, na Clark Gable da Claudette Colbert. 'Yar wani attajiri ce ta gudu daga hannun ubanta, ta shiga motar haya za ta Niyok, ta gamu da wani ɗan jarida wanda aka kora daga aiki. Dare ya yi musu a hanya, ga guzuri kaɗan, suka kama ɗaki guda mai gado biyu. Sai saurayin ya ɗaura igiya a tsakani, ya rataya bargo. Ba a kawar da wannan shamaki ba sai a ƙarshe, bayan an ɗaura musu aure. Uban kuwa ya sa ladan dala 10,000 saboda 'yarsa, amma da saurayin ya zo, dala 39 da santi 60 kaɗai ya nema, iyakar abin da ya kashe a hanya. Nan dattijo ya gane irin mutumin da ke gabansa.

A zamanin nan masu silima na Amurka suna da ƙa'idar da ta hana nuna batsa. An rubuta ta a 1930, aka tsananta ta a tsakiyar 1934, ba a bar ta ba sai 1968. Da yake ido ba zai ga kome ba, sai masu tsara labari suka koma ga baki. Saurayi ya faɗi ɗaya, budurwa ta mayar masa da biyu, kamar wasan taubasai. Mai kallo ta riga su sanin suna son juna, daɗin kuwa yana wurin jiran su gane.

Haka kuma Roman Holiday na 1953. Audrey Hepburn ta fito a gimbiyar da ta gaji da zaman fada, ta sulale cikin birnin Rum, ta sa aka rage mata gashi, ta hau babur. Gregory Peck ɗan jarida ne, an yi masa alkawarin dala 5,000 in ya kawo labarinta. Ya sami labari har da hotuna, sa'an nan ya ƙi sayarwa. Ba su ma yi aure ba. Ta koma bakin aikinta, asirinta a rufe.

To, 'yan mata na makaranta, in kun kalla kada hankalinku ya tsaya ga riguna da motoci. Ku dubi abin da namiji ya yi sa'ad da kuɗi ke gabansa, yarinya kuma ba ta da kowa kusa. Hali zanen dutse ne. Wanda ya zo zance da daɗin baki, a saurare shi, a yi dariya, amma a jira a ga yadda zai riƙe amana.

Sai mako mai zuwa.