Rubuta Kwanan Wata da Sa'a da Hausa a Kwamfuta: Misali daga Ɗan Issa

1. Gabatarwa

Garin Ɗan Issa yana cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Jibiya zuwa Katsina. Agogon Nijar da na Nijeriya ɗaya ne, ba a kuwa canja shi rani ko damina. Sai dai rubutun sa'a ya bambanta. Wanda ya yi lakkol a Maraɗi yakan rubuta 14h30, wanda ya yi boko a Katsina yakan rubuta 2:30 ya biyo da haruffan Ingilishi. Da baki kuwa, dukansu "ƙarfe biyu da rabi na rana" suke cewa. Tun da takardun asibiti da na haihuwa suna komawa cikin kwamfuta, ya wajaba a tsai da sigar da Hausa za ta bi.

2. Yadda na'ura take nuna lokaci

A tsarin Unix da danginsa akwai umurnin da ake kira date. Na'ura tana ƙidaya daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970, sa'an nan ta mayar da adadin zuwa sigar da aka nema ta hanyar wasu alamomi: %d kwanan wata, %m lambar wata, %Y shekara, %H sa'a, %M minti, %A sunan rana, %B sunan wata. Sunayen kuma daga kundin harshe ake ɗauko su. Kundin CLDR na Unicode ya ware wa Hausar Nijar gurbi dabam da na Nijeriya da na Gana.

3. Wuraren da ake samun saɓani

Na farko, jerin lambobi. Alamar %D tana bin al'adar Amurka, watau wata kafin kwana. Saboda haka 3 ga Afirilu 2024 zai fito 04/03/24, ma'aikaci a Ɗan Issa kuwa zai karanta shi 4 ga Maris. A katin rigakafin yaro, wannan kuskuren wata guda ne cur.

Na biyu, rabon yini. Alamar %p gurbi biyu kawai gare ta, kafin tsakar rana da bayanta, alhali Hausa tana da asuba, safe, hantsi, rana, yamma da dare. In aka cika guraben da "safe" da "yamma", ƙarfe biyu na dare zai fito "2 na safe", abin da kunnen Bahaushe ba ya karɓa.

Na uku, mafarin rana. Na'ura tana canja suna da tsakar dare, amma a lissafin Hausawa dare yana gaba da yininsa. Ƙarfe tara na daren Juma'a, a wurin na'ura Alhamis ne. Jaririn da aka haifa a wannan lokaci yana iya samun rana ɗaya a gida, wata a takarda.

4. Shawarwari ga masu tsara yaƙi da jahilci

A takardun hukuma, a bi ƙa'idar ISO 8601 ta 1988: shekara, wata, kwana, kamar 2024-04-03, wadda alamar %F take bayarwa, tare da agogo mai sa'a 24. A littattafan karatu kuwa, a rubuta sunaye cikakku: Laraba, 3 ga Afirilu 2024. In za a taƙaita, kada a gaza haruffa uku, domin Lahadi da Laraba sun yi tarayya a haruffa biyu na farko, haka ma Maris da Mayu, da Yuni da Yuli. A ƙarshe, ya kamata a sa darasi guda a kan bambancin "daren Juma'a" da "Juma'a da dare", domin ƴan ajin manya su san abin da za su gaya wa ma'aikacin rajista.